Tambaya da Amsa: Bazara a Daji da Bazara a Sabuwar Unguwa

Assalamu alaikum, masu karatu. Da yawa daga wasiƙun wannan wata a kan itatuwa da tsuntsaye suke, abin da mutum ke gani in ya fita waje tsakanin Maris da Mayu. Na ɗauki uku. Ta farko za ta fi cin wuri, don abin da ta taɓo ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

TAMBAYA, daga wata malamar firamare a Kano:

Baba Malam, barka da aiki. Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Tudun Wada, aure ya kawo ni Kano, muna zaune a sabuwar unguwa can bayan Ɗorayi. Na je ganin gida a tsakiyar Afrilu, ana zafi mai tsanani, ko ɗigon ruwa bai sauka ba, amma na tarar itatuwan bakin daji sun yi sabon ganye shar, wasu ma ja. Da na dawo unguwarmu sai na ga ba abin da ya canza, darbejiya da ƙura, yadda na bar su. Na ba ɗalibaina labari, suka ce wa ya ba itatuwan daji ruwa, na rasa amsa. Kuma me ya sa bazara ba ta nuna kanta a cikin unguwa?

AMSA:

Malama, barka kadai. Allah Ya yi wa yaran nan albarka, tambayar da suka yi miki masana itatuwa sun daɗe suna bin ta. Ki gaya musu ruwan bara ne. Itacen daji saiwarsa na nitsewa ƙasa nesa, inda danshin daminar da ta wuce yake kwance rana ba ta kai gare shi ba, kuma tun kaka ya tara abinci a saiwa da gangar jikinsa. Kuka ma ruwan kansa take ajiyewa a cikin ƙaton jikin nan nata. Ganyen da suka zubar da hunturu tsimi ne, don ta ganye ruwa ke fita daga jikin itace. Ciyawa ce ba ta da wannan gata. Saiwarta gajera ce, irinta na zube a ƙasa, sai ruwa ya jiƙa ƙasar sosai take tsirowa. Shi ya sa kika ga sama kore, ƙasa kuwa fayau, ko baƙin toka inda wuta ta ci.

To, ta yaya itace ke sanin lokaci ya yi? Yini na ƙara tsawo. A Kano bambancin tsakanin Disamba da Yuni kusan awa ɗaya da rabi ne kawai, amma tsiro na jin sa. Zafi na hawa, har ya haura digiri 40 a Afrilu. Sannan iska na juyawa, kuma wannan ke ma kina jin ta a jikinki. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya, mai fasa leɓe da kaushi. A bazara sai ta koma tahowa daga kudu maso yamma, daga wajen teku, da laima a cikinta, gumi ya tsaya a jiki ya ƙi bushewa. Wannan laima kan riga ruwan sama isowa da makonni. Da itace ya haɗa waɗannan alamomi sai ya buɗe ajiyarsa ya fitar da toho, kamar dai manomin garinku da ke sharar gona da kai taki tun a bazara, bai tsaya sai ya ga ruwan shuka a ƙasa ba.

Gaggawar tana da riba. Ruwan farko shi ke narkar da busasshen ganye da kashin dabbobin da suka taru duk rani, kuma itacen da ganyensa ya riga ya buɗe shi ke fara cin wannan taki kafin ciyawa ta tashi ta raba da shi. Tsutsotsi da fari masu cin ganye su ma sai ruwa ya sauka suke yawaita, lokacin ganyen ya ƙosa ya yi tauri. Jan da kika gani kuwa, in a wajen garinku ne, ina kyautata zaton doka ce ko maje. Sabon ganyensu yana fitowa da wani jan launi mai sheƙi da ke kare shi daga ƙunar rana, in ya yi ƙwari sai ya rikiɗe kore. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ta gefen dajin Falgore a irin wannan lokaci ya ga wannan ja a kan doka.

Ganye ma baya yake zuwa, fure ne ke fara buɗe fage, galibi a kan reshe tsirara. Tun hunturu bai gama tafiya ba gurjiya da minjirya suke yin ja. A inda aka yi ƙuna za ki ga furen rawaya ya fito daga ƙasa kai tsaye, ba kara ba ganye, launinsa ruwan ɗorawa a kan baƙin toka, kuma saiwarsa ce mata ke dakawa don launin miya. Sansami ya biyo da furensa mai launin hoda, marga ta sako nata yana reto, kaɗanya ta cika wuri da ƙamshi da kukan zuma.

Da zan iya, da na kwashi ajinki gaba ɗaya na tsayar da su a gindin ɗorawa da almuru a watan Maris. Lokacin da nake aikin gandun daji a kudancin Kano na sha yin wannan tsayuwa. Tutun ɗorawa, wato dunƙulen furenta, na rataye a kan dogon sili, ja wur, kowanne ya kai girman lemon tsami ko ya fi. Da rana ba ki ganin wani motsi a kansa. Rana na faɗuwa sai ɗaruruwan ƙananan furannin da suka haɗu suka yi tutun su buɗe, wani ruwa mai zaƙi ya taru a wuyansa har ya riƙa ɗiga, in kika tara hannu ya yi miki danƙo. Kafin a kira isha jemagu sun iso. Kowanne ya faɗo ya rungume tutu da fikafikansa, ya lasa na ɗan lokaci, ya saki, tutun ya yi ta lilo, shi kuma ya wuce na gaba da garin fure a ƙirjinsa. Da asuba ƙudan zuma su karɓi aiki. Wannan zirga-zirgar dare ita ke haifar da 'ya'yan ɗorawa da ake ɗiba a Afrilu da Mayu, garin a sha, kalwa a yi daddawa, ɓawon a jiƙa a yi makuba ta daɓe. Kuka ma jemage ne ke yi mata wannan hidima in ta sako farin furenta a bakin damina, sai dai kukar da ake yawan sassaɓe wa rassa don miya ba ta cika samun damar yin fure ba.

Gawo shi kaɗai ke tafiya a juye. Duk rani yana kore, yana zuba wa awaki 'ya'yansa, ruwa na sauka sai ya kaɗe ganye ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki a gindinsa. Tsoffin manoma in sun ga gawo ya fara kaɗewa sun san abin da ake ciki.

Yanzu mu dawo unguwarku. Bazara na nuna kanta a nan ma, sai dai da ƙaramar murya. Ki fita tsakar gida bayan isha a Maris ko farkon Afrilu, za ki ji wani ƙamshi mai sanyi a iska: furen darbejiya ne, ƙanana farare, da rana ba a kula da su. Ki duba kan rassanta, akwai sabon toho mai ja-ja. Mangwaro na nuna. A tsofaffin unguwannin ma'aikata akwai wata bishiya mai faɗin kai da ke rufewa da jan fure gab da saukar ruwa. Jan gwada na ƙara ja a kan katanga yana ta gyaɗa kai. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi kuma shinge zai cika gindin fitila, kwaɗi su fara a kududdufi.

Amma ki lura da asalin itatuwan nan. Darbejiya daga Indiya take, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, daga nan ta watsu. Mangwaro ma daga can ne, haka siririyar bishiyar nan mai miƙewa sama da ake jerawa a jikin katangar gidajen masu hali. Bishiyar turare daga Ostireliya, mai jan furen nan daga Madagaska. An zaɓe su ne don saurin girma da inuwa duk shekara, kuma ni ba na raina darbejiya ko kaɗan. Duk wanda ya san Maiduguri ko Sakkwato da tsakar rana a watan Afrilu ya san alherinta. Sai dai bishiyar da ba ta tuɓewa gaba ɗaya ba ta cika nuna miki lokaci a fili ba. Kuma ɗacin nan nata, wanda ya sa ake zuba ganyenta a buhun wake don korar ƙwari, shi ke sa ƙwarin ƙasarmu kaɗan ne ke iya rayuwa a kanta. Inda tsutsa ta yi ƙaranci, tsuntsun da ke ciyar da 'ya'yansa da tsutsa ba ya zama.

Ki ƙirga tsuntsayen layinku da safe. Za ki samu kurciya, hasbiya, gwara, hankaka, shirwa, da balbela a wajen kwata ko bola. Duk masu cin hatsin da ya zube ne ko abin da mutum ya zubar. Fakara da zabin daji suna son ciyawa da duhuwa. Yautai a ƙasa yake ƙwai, ina zai yi a kan siminti? Cilakowa sai da kogon tsohon itace: macen ta shiga ciki, a liƙe bakin kogon da laka a bar 'yar tsaga, namijin ya riƙa miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Unguwar da babbar bishiyarta ba ta wuce shekara goma sha ba, ba ta da kogo. Ungulu kuwa, wadda muka taso muna gani a kowace mahauta, nata ya fi haka muni, don guba da masu farautar sassan jikinta sun ƙarar da ita, har tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen duniya da ke dab da ɓacewa.

Ƙasar ma mun rufe ta. Siminti da intalok suna shan zafi duk yini su riƙa sakin sa da dare, shi ya sa daren unguwa ya fi na ƙauye zafi. Ruwa in ya sauka ba ya samun inda zai nitse, sai ya bi layi ya shiga gidajen mutane, sannan a dawo ana kukan rijiya ta ƙafe.

Malama, sunan inda kike zaune ma shaida ne. Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Rimin Kebe, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Kuka Bulukiya, duk itatuwa ne aka sa wa wuraren sunansu. Karkarar Kano ta daɗe da zama gonaki, amma gonaki ne masu itatuwa, manomi ya san kowace ɗorawa da tsamiya da kanya da ɗinya da ke gonarsa, har gado ake raba su. Yau da an yanka gona fuloti, kafin a haƙa harsashi injin yankan itace ke fara shiga. Ɗorawar da sai ta doshi shekara goma kafin ta fara 'ya'yan kirki, ta kuma rayu ta ga jikoki, kafin azahar ta zama itacen girki. Na ga an sare tsamiyar da ke can kusurwar fuloti, inda ba ta tare wa kowa ɗaki ba, don kawai an saba fili ya zama fayau kafin a fara gini. Bayan an tare kuma maigidan ya sayo ɗan dashe a leda yana ba shi ruwan da ya saya a kura. Wannan abu na ƙona mini rai.

Makwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna ana iya juyawa. Tun shekarun 1980 manoma a can suka koma abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututturen kalgo ko sabara ko gawo in ya yi toho, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar a yankin Maraɗi. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, akasarinsu ba dashe ba ne. Mai fuloti a bayan Kano ma zai iya yin daidai nasa: ya zagaya filin da magini kafin a ja igiya, ya ce wannan a bar ta.

Ga ɗalibanki kuwa, ba na ba ki shawarar shiga da su daji a halin tsaron da ake ciki. Bakin gona ya isa. Tsofaffin maƙabartu, harabar tsofaffin makarantu da gidan zoo na Audu Bako suna da sauran itatuwan gida. Ki zaɓi biyu, kuka ko tsamiya ɗaya, darbejiya ɗaya, yara su riƙa duba su kowane mako daga Fabrairu zuwa Yuni suna rubuta ranar da suka ga toho, ranar fure, da tsuntsun da ya sauka a kai. A gefe su rubuta ranar ruwan farko. Su da kansu za su ga wanda ya riga wani.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Leicester, Ingila:

Baba, ina gaisuwa. Na zo karatu nan a cikin sanyi, itatuwa duk kamar sun mutu. Tun ƙarshen Fabrairu unguwar da nake haya ta fara fure kala-kala a gaban gidaje. A ƙarshen Afrilu abokan karatu suka kai ni wani daji da ake kira Swithland, na ga ƙasa ta yi shuɗi da wani fure iya ganina, amma manyan bishiyoyin ba su gama ganye ba. Wato a nan unguwa ce ta riga daji, kuma ƙasa ta riga sama. A gida na san akasin haka. Mene ne dalili? Kuma lambunan gidajen nan suna da wani amfani ga halittu ko ado ne kawai?

AMSA:

Ɗana, muna amsawa, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Ka lura da kyau, kuma na ji daɗin da ka fita ka duba maimakon zaman ɗaki. Na taɓa zuwa kwas a ƙasar a irin wannan lokaci, abin da ka faɗa haka yake.

A wajenmu ƙishirwa ce ke tsayar da tsiro, a wajensu sanyi da duhu. Inda kake, yinin Disamba bai kai awa 8 ba, na Yuni ya haura awa 16 da rabi, kai ma ka gani a yadda lokutan salla ke ta matsawa. Ruwa kuwa yana nan a ƙasa duk shekara. Saboda haka a dajinsu abin da ake tsere a kansa shi ne haske. Ƙananan tsirran ƙasa suna da 'yan makonni ne kawai tsakanin lokacin da ƙasa ta fara ɗumi da lokacin da manyan bishiyoyi za su rufe sama da ganye. Shuɗin furen da ka gani, bulubel, yana da albasa a ƙarƙashin ƙasa inda ya tara abincin bara, da ita yake yunƙurowa da wuri, ya yi fure, ya yi iri, kafin inuwa ta rufe shi ya kwanta sai baɗi. Dabarar ajiya iri ɗaya ce da ta itacen dokarmu da kukarmu, abin da ake gudu ne ya bambanta.

Ka ɗauki wannan shuɗi da daraja. Kusan rabin bulubel na duniya a Birtaniya yake, kuma yawansa a wuri alama ce ta tsohon daji. Su abin da suke kira tsohon daji shi ne wanda yake tsaye ba yankewa tun aƙalla shekarar 1600, kuma irinsa bai wuce kashi 2.5 cikin 100 na ƙasarsu ba. Daga iri zuwa fure tsiron kan ɗauki shekara 5 zuwa 7, in an tattake ganyensa kuma yana daɗewa bai farfaɗo ba, shi ya sa ake cewa a bi turba. Dokarsu ta 1981 ta hana tone shi. In ka koma unguwa ka duba wanda ke lambun gidaje, ka sunkuya sosai. Na daji kansa a sunkuye yake, furannin duk a gefe ɗaya, siriri, mai ƙamshi. Na lambu yawanci ɗan Sifaniya ne ko ruwa biyu, a miƙe yake, furanni zagaye da kara, ƙamshinsa kaɗan.

Abin da ya sa unguwa ke riga daji, na farko zaɓi ne. Masu lambu sun tattaro tsirrai daga ƙasashe daban-daban da gangan don su samu fure tun sanyi bai tafi ba. Na biyu ɗumin gine-gine da tituna, wanda mu yake ƙara mana azaba, su kuwa yana gaggauta musu toho. Na uku fitilun titi. Wani bincike da masana jami'ar Exeter suka fitar a 2016 ya nuna bishiyoyi a wuraren da dare ya fi haske suna fasa toho har kusan mako guda kafin na wuraren duhu. In ka ji tsuntsu na rera waƙa da tsakar dare a gindin fitila, hasken nan ne ya ruɗe shi.

Riga fure dai ba shi ne fin albarka ba. Akwai wasu ƙananan tsuntsaye da za ka gani a daji da lambu duka, masu daidaita ƙyanƙyasarsu da lokacin da tsutsa ke cika sabon ganyen wata babbar bishiyar ƙasarsu da ake kira ok. Ɗan tsako ɗaya kan ci tsutsa wajen 100 a yini. A lambunan gari mutane na rataya musu hatsi da gyaɗa, iyayen suna ƙoshi, amma 'ya'yan da ke tashi daga sheƙa ba su kai na daji ba, don tsutsar ta yi ƙaranci a kan bishiyoyin ado. A dajin Wytham kusa da Oxford ana bin rayuwar irin waɗannan tsuntsaye tun 1947, kuma an ga yanzu suna yin ƙwai makonni kafin lokacin da suke yi a da, saboda ɗumamar yanayi.

Game da ko lambu ado ne kawai, amsar a garin da kake take. Wata masaniyar halittu, Jennifer Owen, ta shekara 30 tun daga 1972 tana rubuta duk abin da ta samu a lambun gidanta a wata unguwa ta Leicester. Filin murabba'in mita 741 ne, bai kai fuloti biyu na hamsin da ɗari ba. Ta ƙirga nau'in halittu 2,673, kusan dubu biyu daga ciki ƙwari. Ba ta fesa magani, tana barin tsirrai su cika wuri, ta bar ƙasa a buɗe. Abin da nake so ka ɗauko mana ke nan in ka tashi dawowa, shi da al'adarsu ta rubutawa. Wani mai gonaki a Norfolk, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar toho da ranar zuwan tsuntsaye a 1736, zuriyarsa suka ci gaba har 1958. Da irin waɗannan takardu suke auna yadda lokaci ya gusa.

Kuma ka ɗaga kai, akwai 'yan gida a sama. Tsattsewar da ke iso muku a Afrilu da Mayu daga Afirka take. Ƙananan tsuntsaye da yawa da ke waƙa a shingayensu a yankinmu suke cin rani, a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Chadi. A Maris da Afrilu suke cika ciki da ƙwari da 'ya'yan itatuwa, wasu har su kusa ninka nauyinsu, sannan su haye Sahara. Da fari ya afka wa yankin Sahel a 1968, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya cika karkarar Ingila, fiye da kashi biyu cikin uku nasa ba su koma ba a 1969. Itacen da aka sare a Yobe ana jin rashinsa a inda kake zaune.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Damagaram:

Malam, muna yara shamuwa na sheƙa a tsamiyar ƙofar gidanmu kowace shekara, in ta zo tsofaffi su ce a gyara iri. Yanzu na yi gida a bayan gari, shekaru ban gan ta ba. Ta daina zuwa ne?

AMSA:

Alhaji, ba ta daina ba, tana nan tana zuwa ƙauyukan da ke kewaye da ku. Shamuwa ba ta haye Sahara, tafiyarta a cikin Afirka take. Tana cin raninmu a gabashi da kudancin nahiyar, lokacin da su suke damina, sannan ta biyo ruwa ta taho arewa, ta iso mana wajen Afrilu zuwa Mayu ta yi sheƙa. Tsofaffin sun yi gaskiya, iskar da ke kawo ruwa ita ke kawo ta, ko da yake zuwanta ba ya nufin gobe za a yi shuka, wani lokaci takan riga ruwan da makonni.

Abu biyu take nema: doguwar bishiya mai ƙarfin rassa da za ta ɗauki sheƙar kirare, sau da yawa sheƙa da dama a bishiya ɗaya, da kuma fili kusa inda za ta yi kiwon fara da tsutsa da kwaɗi. Mutane ba sa damun ta, ta fi son cikin gari ma, don a nan aka saba ba ta kariya. Sabuwar unguwa kuwa tsofaffin itatuwan sun tafi, na yanzu ba su yi ƙwari ba, gonakin kuma sun matsa nesa. In tsamiyar gidanku na nan tsaye, ka sa a duba maka ita a watan Mayu, kuma ka roƙi 'yan'uwa kada a sare ta ko a datse mata kai, a kuma kwaɓi yara masu danƙo.

Ina roƙon masu karatu na ko'ina, daga Agadas zuwa Zariya, duk wanda ya ga shamuwar farko a bana ya rubuto mini sunan garin, da ranar, da irin bishiyar da ta sauka a kai. Zan haɗa su in kawo a wannan fili bayan damina ta kankama.